Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga matasa masu aikin sa-kai a Kaduna: akwai ɗakunan da ba ku yi wa sallama ba

Zuwa ga shugabanni da mambobin ƙungiyoyin matasa masu aikin sa-kai a garin Kaduna: 'yan agajin masallatai, matasan coci-coci, ƙungiyoyin ɗalibai, masu yi wa ƙasa hidima, har da ƙananan ƙungiyoyin unguwa da ake haɗawa a WhatsApp.

Assalamu alaikum. 'Yan'uwanmu Kirista, ina gaishe ku da fatan alheri.

'Ya'yana, sannunku da ƙoƙari. Ban rubuto don in sage muku gwiwa ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kowa ta kansa yake yi, don haka saurayin da ya hana kansa kuɗin kati ya zuba a asusun marayu, da budurwar da ta rage kuɗin ɗinkin Sallarta ta saya wa yara sabulu, sun cancanci a sa musu albarka. Allah ya yi muku albarka. Sai dai ni tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce, na yi aiki a ɗakin yara da ɗakin mata har na ajiye aiki, kuma na san kyakkyawar niyya ba ta hana allura shiga inda bai kamata ba. Maganata ita ce: a ranakun Sallah da Kirsimeti kaya suna taruwa a 'yan wuraren da kowa ya sani, alhali waɗanda suka fi bukatarku suna kwance a ɗakuna cikin lungunan unguwanninku, kuma hannunku da lokacinku suke nema fiye da kwalin taliya.

Bari in fara da gidan marayu, tunda nan kowa ke dosa. Duk wanda ya taɓa leƙa irin gidajen nan washegarin Sallah ko ranar 26 ga Disamba ya san yadda ake yi. Tun da hantsi motoci ke jeruwa a bakin ƙofa. Wata ƙungiya na ciki, wata na jira a gindin dalbejiya sanye da riguna iri ɗaya. A fito da yara, a jera su, su yi waƙar maraba, a tara buhun shinkafa da kwalaye a gabansu, a ɗauki hoto, a tafi. Kafin su sha ruwa an sake kiran su. Na ga yarinyar da ba za ta wuce shekara huɗu ba tana gyangyaɗi a tsaye da la'asar, bakinta na bin waƙar, sabon takalmi ya cinye mata dunduniya, ba wanda ya duba ƙasa. Masu renon kuwa, matan da ke kwana da tashi da yaran nan, su ba su san an yi Sallah ba. Tun asuba suke wanka da shafa mai da ɗaurin ɗankwali saboda baƙi. Ku koma gidan a watan Agusta, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da yara, za ku tarar da mai reno da goyo a baya, wani a kafaɗa, wanki ya taru a bayan ɗaki, bakin ƙofa kuma babu ko keke.

Akwai abin da hoto ba ya nunawa. Idan yaron da ya tashi a irin gidan nan ya rugo ya ƙanƙame baƙon da bai taɓa gani ba, ku sai ku ce yaro ne mai son mutane. Mu da muka yi aikin yara, hankalinmu tashi yake yi. Sau da yawa alama ce ta yaron da bai samu mutum ɗaya tsayayye da zai ce wannan nawa ne ba. Kin ɗauke shi, kin ce masa ke ce antinsa, za ki dawo, ya riƙe maganar da hannu biyu. Ba ki dawo ba. Baɗi wata ta zo ta faɗa masa haka. Wallahi gara mutum uku da za su riƙa zuwa duk Asabar suna yi wa yaran bitar karatu, suna kama wa masu reno wanki, da mutum hamsin da za su cika gidan da kiɗa yini guda.

Sai maganar hoto. Kun san garin nan, kun san yadda muke da bin asali. Yarinyar da kuka ɗora fuskarta a Facebook, kuka rubuta a ƙasa cewa tsintar ta aka yi, wata rana za ta girma, a zo neman aurenta, dangin miji su shiga bincike. Abin da ya hau intanet ya hau ke nan. Ba ta ba ku izini ba, ba ta ma kai shekarun ba da shi ba. Jihar Kaduna tana da dokar kare yara tun 2018, ta tarayya kuma tun 2003, kuma mutuncin yaro na cikin abin da aka yi dokokin dominsa. Na san hujjarku, masu ba da gudummawa suna son ganin shaida. To ku ɗauki hoton kayan, ku ajiye rasiɗi, ku sa shugabar gidan ta sa hannu a takarda. Musulmi ya san Allah ya hane mu ɓata sadaka da gori da cutarwa, Kirista kuma ya san an ce kada hannun hagu ya san abin da na dama ya bayar. Ban ga inda aka cire masu waya daga wannan hukunci ba.

Kada kuma a ce tunda aikin Allah ne ba sai an sa ido ba. A watan Satumbar 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa suka fito da mutum sama da 300, manya da yara, wasu da mari a ƙafa. Da yawansu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, saboda yarda. Duk ƙungiyar da za ta shiga harkar yara ta san mambobinta ciki da waje, a samu mai unguwa ko liman ko fasto da zai tsaya wa kowane ɗaya. Kada babba ya keɓe da yaro a ɗaki, kada a fita da yaro yawo sai mutum biyu da sanin mai riƙonsa. Wanda ya ji haushin wannan sharaɗi, ku sallame shi tun da wuri.

To, ina marayun namu suke? Kaɗan ne daga cikinsu ke gidan marayu. Mu mutanen riƙo ne. Uba ya rasu, baffa ya ɗauki ɗaya, gwaggo ta ɗauki ɗaya, ragowar su tare a ɗakin kaka. Mutanen da 'yan bindiga suka taso daga ƙauyukan Birnin Gwari, Giwa, Igabi, Chikun da Kajuru, yawancinsu ba a sansani suke ba, sun raɓe ne a gidajen 'yan'uwa da kangayen da ba a gama ba a gefen gari, daga Rigasa da Mando har Gonin Gora da Maraban Rido. Idan kun bi sawu za ku ga yaro da tsoho da kuke rabawa gida biyu a tsarinku, a ɗaki ɗaya suke kwana. Tsohuwa ce da ciwon gwiwa da jikoki huɗu, babbarsu 'yar shekara goma sha ɗaya ita ce mai tallan gyaɗa, ita ce mai girki, ita ce mai raka kakarta bayan gida da dare. Wannan gidan ba shi da allo a ƙofa, ba shi da lambar asusun banki da ake yaɗawa, don haka motocinku ba sa tsayawa a nan.

Tsofaffi kuwa sun fi ɓoyuwa. A wurinmu kai tsoho gidan gajiyayyu abin kunya ne, kuma ban ce a canza wannan ba. Amma sai ya zamana tunda babu ginin da za a je, an ɗauka babu bukata. Ku tuna Kaduna ba kamar Zariya ko Kano ba ce, inda tsohuwa ke zaune a gidan gado, ɗiyan 'yan'uwa na shiga suna fita. Garin nan na ma'aikata ne. Tun da Turawa suka dawo da hedkwatar Arewa nan daga Zungeru a 1917, aiki ne ke kawo mutane: jirgin ƙasa, soja, ɗan sanda, ofisoshin gwamnati, daga baya masaƙu. An buɗe masaƙar KTL a Kakuri a 1957, wasu suka biyo baya, mutane suka zo daga ko'ina suka kama ɗakin haya a Kakuri da Makera da Nasarawa. KTL ta rufe a 2002, masaƙar UNTL ta tsaya a 2007, kuma an shafe shekaru ana jin koken tsofaffin ma'aikatan KTL da matan waɗanda suka rasu kan haƙƙinsu na barin aiki. Wanda yake ɗan shekara arba'in da biyar ranar da aka rufe ƙofar masaƙa, yau ya doshi saba'in. Gonarsa ta gado wasu sun cinye, ƙauyen ma ƙila ba ya shiguwa, 'ya'ya suna Abuja da Legas suna fama da nasu.

Na san wani dattijo a Kakuri, tsohon masaƙi, yana ajiye katin shaidar aikinsa a cikin leda ƙarƙashin matashi. Wata Kirsimeti matasa suka kai masa shinkafa ɗanya da man gyaɗa da lemun kwalba, suka yi masa addu'a suka tafi. Sun kyauta. Amma mutumin ba shi da gawayi, hannunsa na rawa ba ya iya ɗaga tukunya, kuma yana da ciwon suga. Shinkafar maƙwabta suka dafa suka sammasa, lemun yaran gida suka shanye, wannan ma sa'a ce. Da na tambaye shi me ya fi so a yi masa, sai ya shafa gemu ya ce, da dai an samu mai yi masa aski, a wanke masa farar rigarsa, a riƙe masa hannu zuwa coci, don ya daɗe bai zauna cikin mutane ya yi waƙa ba. Duka wannan bai kai kuɗin kwalin lemun ba. Abin da zai ci shi ne safiya ɗaya ta saurayi guda.

Irin aikin da nake kiran ku gare shi ke nan, kuma ba shi da kyan gani. A fitar da katifa rana, a kaɗe ta, a duba ko akwai kuɗin cizo. A share ƙarƙashin gado, a wanke kwanuka da bokitin fitsari, a cika randa. 'Yan mata su tsefe wa Inna kai, su wanke, su yi mata kitso ko da kalaba ce, su sa mata lalle. Kada ku raina lallen nan, tsohuwar da aka ƙunsa wa ƙafa ranar jajibiri takan yini tana miƙa wa duk wanda ya shigo ya gani. A jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi kafin yanke farce, domin farcen tsoho kauri gare shi, wani ya lanƙwashe ya shige nama har ya hana shi sa takalmi. Amma a nan ku saurare ni da kyau: mai ciwon suga ba a sa masa reza a ƙafa, ba a tsoma ƙafarsa a ruwan zafi. Jijiyoyin ƙafarsa ba sa jin ciwo sosai, ɗan yanka kaɗan sai ya zama gyambon da zai kai ga yanke ƙafa. Ku bar wa ma'aikacin lafiya wannan. A haɗa kuɗin keke a kai Baba filin idi a dawo da shi, ko a kai Mama coci. Ku kira masa ɗansa a waya ta bidiyo ya ga jikokinsa da kayan Sallah. Sannan ku zauna ku ci abincin tare da shi. Tsoho idan shi kaɗai ne, loma biyu yake yi ya ture kwano.

Abincin ma a yi shi da lura. Naman layya da aka soya ya ƙeƙashe, wanda ba shi da turame a baki kallo kawai zai yi. A yi masa dambun nama, ko farfesu da ya dahu luguf, ko a daka masa a miyar taushe da tuwon shinkafa mai laushi. A rage gishiri da magi saboda hawan jini. Ɗanyen nama kuma kada a kai wa wanda ba shi da firji ba shi da mai soyawa, da wannan wuta tamu ko mai firjin ma addu'a yake yi. Ku duba ranar lalacewar duk abin gwangwani da madarar da aka ba ku, don wasu 'yan kasuwa da sunan sadaka suke share shagonsu.

Shiga gidan mutane kuma da ladabinsa. Maza wurin maza, mata wurin mata. Inda aka rubuta ba shiga, samari su tsaya a zaure. A yi sallama, a durƙusa, a gaisa a tsanake, a tambayi jiki da gida kafin a ambaci abin da ya kawo ku. Kada ku ce kun zo taimako, ku ce kun zo gaisuwar Sallah. Dattijon da ya ciyar da gida shekara arba'in da guminsa zai iya cewa lafiya lau yake alhali bai karya ba, kuma idan kuka shigo masa da kyamara da rigunan ƙungiya a gaban maƙwabta, kun rufe ƙofar har abada. Ba a zuwa na farko zai faɗa muku gaskiya ba. Shi ya sa Hausawa suka ce zumunci a ƙafa yake.

Lokaci ma kuna makara. Yadin da aka kai wa maraya ana gobe Sallah ba kayan Sallah ba ne, ku tambayi telolin Kasuwar Barci, kafin azumi ya yi nisa sun rufe karɓar ɗinki. A auna yara tun watan Sha'aban, na Kirsimeti tun Nuwamba, kuma a bar yaro ya zaɓi launin da yake so. Kada a saya wa yaran gida ɗaya yadi iri ɗaya su fito kowa ya gane daga ina kayan suka zo. Zakkar fidda kai an sa a fitar da ita kafin a tafi idi, an kuma yarda a ba da ita kwana ɗaya ko biyu kafin Sallah, don mabukaci ya wayi gari da abin ɗorawa a murhu. Matasan masallaci su ne ya kamata su ɗauke ta a ka su kai wa tsohuwar da ba ta iya fitowa, maimakon a juye wa wanda ya fi kowa bakin roƙo a ƙofar masallaci. Kowane biki kuma da yanayinsa. A 'yan shekarun nan Ƙaramar Sallah cikin bazara take faɗowa, tsoho kuma ba ya jin ƙishirwa yadda kuke ji, sai ruwan jikinsa ya ƙare ya fara sambatu a ce aljanu ne. Babbar Sallah tana zuwa da farkon damina, lokacin duba rufin kwano da rataya gidan sauro. Kirsimeti kuwa tsakiyar hunturu ce: bargo, safa, man shafawa don kaushi, da jan kunne kan kwana da kaskon gawayi a ɗakin da aka toshe ko'ina. Hayaƙinsa ba ya wari, mutum na barci zai wuce.

Kada ku raba magunguna, ko da wani mai kyamis ya ba ku kyauta. Amma kuna iya koyon awon hawan jini. Idan kun ga ya kai 140 bisa 90 ko ya haura a awo fiye da ɗaya, ku raka mutum asibitin mazaɓarsa. Jihar nan tana da mazaɓu 255, kuma tsarin shi ne kowace ta samu cibiyar lafiya a matakin farko. Tsofaffi da yawa da aka ce sun makance, yanar ido ce kawai, aikin da ba ya ɗaukar dogon lokaci, ga Cibiyar Ido ta Ƙasa a nan garin wajen Mando, mutane daga wasu jihohi suke zuwa mata alhali tsohuwar Kurmin Mashi na lalube. Abin da ta rasa mai raka ta ne ya bi mata layin kati. Ku je KADCHMA, hukumar inshorar lafiya ta jiha, ku tambayi yadda ake shigar da marasa galihu inshorar lafiya, ku tabbatar tsofaffinku suna da lambar NIN. Tsofaffin ma'aikatan tarayya da ke karɓar fansho ta hukumar PTAD yanzu ta waya ake so su tabbatar suna raye, da hoton fuska. Ku da kuke kwana da waya a hannu, wannan aikin 'yan mintuna ne a wurinku, shi kuwa dattijo fanshonsa ne ke iya tsayawa. Sai dai kada ɗayanku ya karɓi katin cire kuɗin tsoho ko lambobin sirrinsa, ko da shi ya miƙa. Gwamnatin tarayya ta sa hannu kan dokar kafa cibiyar kula da tsofaffi ta ƙasa a 2018, madalla, amma doka ba za ta ɗebo wa kowa ruwa a Hayin Banki ba.

Yanzu ga shawarar da ta fi damuna. Tun rikicin shekarar 2000 da na 2002 kogin Kaduna ya zama iyaka, Musulmi suka tattara arewa, Kirista suka koma kudu. Ku da aka haifa bayan haka ba ku ga lokacin da kwanukan shinkafar Kirsimeti da na wainar Sallah ke tsallake katanga ba. Amma akwai wurin da wannan zaman bai mutu ba, shi ne asibiti. Duk inda na yi aiki, ba sai an yi taro ba, mu Musulmi muke ɗaukar aikin ranar Kirsimeti da sabuwar shekara, abokan aikinmu Kirista su riƙe mana ɗaki ranar Sallah mu je idi. Wata abokiyar aikina takan ce mini, Hajiya tafi abinki, amma ki tabbata kin dawo mini da cincin da naman kai. Haka muka yi shekara da shekaru, ba wanda ya kira shi shirin zaman lafiya.

Me zai hana ku ɗauki wannan? Ranar Sallah saurayin Musulmi yana da iyaye da surukai da zai gaisar, shi ya sa ziyararku ke zama ta tsaitsaye. Amma ranar 25 ga Disamba yana zaune a majalisa yana danna waya, ga hutu gwamnati ta bayar. Haka matasan Sabon Tasha, Narayi da Barnawa suke zaune ranar idi. Matan Zumunta da 'yan matan coci su karɓi masu reno Musulmi ranar Sallah na 'yan sa'o'i, matan su je su ga nasu 'ya'yan. 'Yan agaji da 'yan Islamiyya su rama ranar Kirsimeti. A ɗakin yara na asibiti, da izinin shugabar ɗakin, a zauna wa uwar da ta kwana biyar a kan kujera ta samu ta yi wanka ta runtsa. Ba sai an taɓa ibadar kowa ba, kuma sharaɗi ne kada wanda ya yi wa yaron wani ko tsohon wani wa'azin sauya addini, ranar da aka fara haka aikin ya rushe. Ba sabon abu nake kawowa ba. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, waɗanda suka taɓa zama abokan gaba, tun 1995 suke aiki tare a garin nan, kuma kowace shekara ana ganin Musulmi suna zuwa wa Fasto Yohanna Buru gaisuwar Kirsimeti. Abin da ya rage shi ne a wuce gaisuwa a kama tsintsiya. Akwai ma tsofaffin da ba su tashi ba lokacin da kowa ya tashi, sun zauna a tsohuwar unguwarsu, 'yan cocinsu ko 'yan masallacinsu duk sun ƙaura. Su ne bikinsu ke zuwa ya wuce ba wanda ya ce musu barka.

Yawon Sallah na yara ba sai na tsawaita ba, 'yan agaji sun fi ni sani. A Dandalin Murtala da filayen idi da wurin shaƙatawa na Gamji kullum sai an samu yaron da ya ɓace, ga keke da ake cusa wa yara takwas. A sa wa ƙananan takarda a aljihu da lambar wayar gida, a tanadi wuri ɗaya sananne na ajiye wanda aka tsinta. Almajirai kuma a tuna da su da sabulu, aski da maganin ƙaiƙayi ta hannun malaminsu da ma'aikacin lafiya, ba ɗumamen tuwo kaɗai ba.

Za ku ce ta yaya za mu gano waɗannan ɗakuna? Da sauƙi. Mai unguwa ya san wasu. Ungozoma ta san gidan da uwa ta rasu ta bar jariri. Ladan ya san wanda ya daina zuwa asuba, matan Zumunta sun san wadda kujerarta ta daɗe babu kowa. Amma wanda ya fi kowa sani shi ne ɗan ga-ruwa, don babu gidan da ba ya shiga, ya san ɗakin da ake sayen jarka ɗaya a yi kwana uku da ita, ya san wadda yake zuba wa bashi. Ku zauna da su ku rubuta sunaye a littafi, layi-layi. Kowane gida a ɗora shi a wuyan mutum biyu, su ne za su je kafin Sallah, su koma bayan Sallah, su riƙa leƙawa ko da sau biyu ne a wata. Ƙungiyar da ke da mutum ashirin ta tsaya a gida goma, kada zari ya sa ta rubuta ɗari. Cikin kuɗin da kuke tarawa ku ware na keken mambobi, don yaron da ba shi da aiki ba zai daɗe yana biya daga aljihunsa ba, zai ji kunya ya daina zuwa. Littafin nan kuwa amana ne. Zaɓen 2027 na tafe, za a zo muku da buhuna masu hoton fuska a ce ku kawo sunaye. Wanda zai bayar don Allah ya bayar ku kai, amma sunan tsohuwa da lambar gidanta ba su fita daga hannunku.

Mu da muka ajiye aikin jinya da koyarwa muna nan da yawa a Tudun Wada, Unguwar Rimi, Kawo da Barnawa, ba abin da muke yi sai jiran fansho da rainon jikoki. Ku neme mu ta hannun limamanku da fastocinku kafin watan azumi ya tsaya ko kafin Nuwamba ta ƙare. Rabin yini ya isa mu nuna muku yadda ake awon jini, yadda ake ɗaga tsoho daga tabarma ba a gurɗe masa kafaɗa ba, yadda ake juya wanda ya daɗe a kwance don kada bayansa ya yi gyambo, da alamomin da idan kun gani a jikin yaro ba a jira gari ya waye. Ba ma bukatar ɗakin taro na otal ko kuɗin zama. Ajin makarantar firamare ɗaya ya ishe mu, kowa ya zo da littafi da biro.

Wassalam.

Taku,
Uwarku, tsohuwar ma'aikaciyar jinya,
Tudun Wada, Kaduna.